Ƙashin Mushe Ilya

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisa a tambaye ni, a bakin masallaci a tambaye ni, har mai facin da ke gyara mini babur sai da ya ajiye taya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Hedimasta, don Allah mi ka samo can?" Kowa ya riga ya yanke cewa asiri na je nema. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne gaskiyarsu ce, asirin na je nema. Don haka bari in rubuta labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa takarda in wuce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal. Shekara goma sha ɗaya ina hedimasta a firamaren wani ƙauye da ke arewa da Katsina, kusa da iyaka, kuma ni nake koyar da lissafi daga aji huɗu zuwa aji shida saboda ƙarancin malamai. Makarantata ta yi suna da abu guda, wato shiru. In ka bi ta bayan azuzuwa da hantsi sai ka rantse hutu aka yi. Ina da dorina wadda yara suka raɗa wa suna Gwaggo. Ina da monita a kowane aji, aikinsa rubuta sunan masu surutu da masu yin Hausa. Ni kuwa kullum ina cikin babbar riga wadda ta sha bugu, don a ganina kwarjinin malami a rigarsa yake.

Matsalar ita ce shekara uku a jere babu yaro ko ɗaya da ya ci jarrabawar shiga sakandaren kwana daga wurinmu, kuma lissafi ne ke kayar da su. Rannan na je sayen nama wurin Malam Garba mahauci, wanda shi ne shugaban iyayen yara. Yana wasa wuƙa ya ce mini, "Hedimasta, ladabi dai mun gani, ladabi ya yi. To amma ba ladabi kaɗai muka aiko su ɗauka ba. In bana ma aka faɗi, takarda za mu rubuta a canza mana kai." Bai ɗaga murya ba, bai kuma daina wasa wuƙar ba. Na koma gida da naman, amma ban iya ci ba.

Ana cikin haka yayan matata, Yaya Mamman, ya zo suna daga Gazawa. Da ya ji damuwata sai ya ce, "Ai akwai wani lakol kusa da mu, ɗiyan nan duk shekara sai sun ci. Mutane na cewa ƙashin mushe ne asirin." Ƙashi na ce, mai ƙugiya, kada wani ya karanta mini wani abu dabam. Lakol dai na san makaranta ce a bakinsu. Ƙashin mushe kuwa ban nemi ƙarin bayani ba, don a tunanina wata dabba ce ta mutu ba yanka, wani malamin tsibbu ya yi aiki da ƙashinta. Na nuna masa kamar abin bai dame ni ba, har da ɗan wa'azi a kan camfi. Hutun tsakiyar zango na zuwa na ɗaure jaka.

Ta Ɗankama na bi. A bakin iyaka wani dogon jandarma ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Mi ne ne aikinka?"

Na gyara riga na ce, "Malamin makaranta, hedimasta ma kuwa."

Sai ya washe baki, ya ƙame, ya waiwaya wajen abokan aikinsa ya ce, "A'a, ashe mushe ne! Ku ba mushe kujera."

Na cika na yi fam. Na ce, "Ni ne mushe? Da raina da lafiyata, na yi asuba cikin jam'i, ka dube ni tsakiyar mutane ka kira ni mushe?"

Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru yana kallona. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a gefe ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Nan ƙasar duk mai koyarwa lakol mushe ne, maganar Faransa ce. Girma ya ba ka."

Na ce, "In mace ce fa, Inna?"

Ta ce, "Madam."

Na ce wato mata sun tsira, mu aka bar wa ungulu. Na zauna a kujerar don kada ta tafi a banza, jandarman ya maido mini da katina da hannu biyu.

Sai da na hau babur, wanda su suke kira kabu-kabu, muka yi nisa cikin gonakin gero, sannan wani tunani ya faɗo mini. In malami shi ne mushe, to ƙashin mushe ƙashin wa ke nan? Nan take gumi ya keto mini. Wato ƙashin wani malamin makaranta aka tono? Na shiga lissafin shekaruna da ƙibata, ina tunanin ko Yaya Mamman da wata manufa ya gayyato ni. Ko sallama ban gama ba a ƙofar gidansa na jefa masa tambayar. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Muƙamuƙin jaki ne, Malam Lawal. Amma na Mushe Ilya ne, shi ne diraktan lakol ɗin." Ashe ƙashin mushe ne ta kowace fuska, jakin mushe, mai shi ma mushe.

A ɗakin zaure aka sauke ni, tare da buhunan wake da ƙwarin da ke cikinsu, waɗanda suka karɓe ni hannu bibbiyu. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar ƙaramar taɓarya. Na kai masa cizo irin wanda nake yi wa namu mai laushi, ɓawon ya yanke mini dasashi. Sai shayi a ɗan kofi, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye na miƙe, Yaya Mamman ya jawo rigata ya zaunar da ni, wai wannan na farko ne, saura biyu, kuma tashi kafin na uku cin fuska ne ga mai dafawa. A wurinmu mutum yakan sha shayi don ya tafi aiki. A can shan shayin ma aiki ne.

Da hantsi muka isa makarantar. Tun daga nesa na ɗauka ranar kasuwa ce. Ina sauka yara suka yanyame ni. "Mushe, daga ina? Mushe, rigar nan ba ta da nauyi? Mushe, Nijeriya ma ana cin wake?" Wata 'yar ƙarama har da ɗaga hannun rigata tana leƙawa ko akwai mutum na biyu a ciki. Hannuna ya tafi neman Gwaggo da kansa, sai na tuna na baro ta gida.

Wata mata mai fara'a, Madam Zuwera, ta fito ta tarye mu, ashe ita ce dirakta yanzu. Ta shigar da ni aji. A gabana wani yaro ya ɗaga hannu ya gaya mata ta tsallake layi a abin da take rubutawa. Na runtse ido ina jiran ƙarar mari. Sai na ji ta ce masa ta gode, ta goge ta gyara. Na ce a raina wannan makaranta ta lalace.

Da na tambayi Mushe Ilya sai ta ce, "Ai an ɗauke shi shekara huɗu ke nan, an kai shi wani ƙauye wajen Cadawa." Na harari Yaya Mamman, ya shiga kallon rufin aji. Na rage murya na ce, "Ƙashin fa, Madam?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ya tafi da abinshi. Mu nan mun warke, ba mu buƙatar shi."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Wato ƙarfin abin har bayan an ɗauke shi yana aiki. Wannan ya ƙara mini ƙaimi.

Yaya Mamman ya koma kasuwancinsa, ni na nufi tasha. Direba ya ce yanzun nan za mu tashi, muka tashi bayan azahar. Aka matse ni tsakanin wani mai raguna biyu da ƙofa. A Agye muka tsaya aka sauke rago ɗaya aka ɗauki mutum uku a madadinsa. Daga nan har Cadawa na lura duk wanda muka wuce a bakin hanya sai ya ɗaga mini hannu yana nuna motar. Na riƙa ɗaga musu ina jin daɗi, ina cewa mutanen Nijar sun san darajar malami. Sai da muka sauka na ga ashe ƙofa ce ta datse hannun rigata, rabinsa yana waje, ya share wa gwamnatinsu titi kyauta tun daga Agye.

Na kwana a gidan wani ɗan kasuwa da Yaya Mamman ya haɗa ni da shi, washegari na nemi makaranta ta biyu. Azuzuwanta na zana ne, amma ina shiga harabar na ji sanyi a raina. Shiru! Irin shirun gida. Diraktan ya fito, fuska a murtuke, bulala a hammata, kamar an tsaga kara ni da shi. Shi ma ya ce Mushe Ilya ya bar wurin shekara biyu da suka wuce. Ya faɗi sunan kamar mai tofar da ƙwallon magarya.

A ajinsa na ga wani yaro da gwangwanin kifi rataye a wuya, kansa a ƙasa. Na tambaya. Diraktan ya ce wannan shi ake kira sambol. Duk wanda ya yi Hausa a makaranta maimakon Faransanci sai a rataya masa. Shi kuma sai ya kasa kunne, in ya ji wani ya yi, ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi abin yana wuyansa, shi zai sha bulalar ranar. Wallahi abin ya burge ni. Na ciro ɗan littafina na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi. Wannan ai ya fi monita, tun da ba ya cin biro, kuma kowane yaro ya zama mai gadin ɗan uwansa.

Muna tsaye a gaban aji yana yi mini bayani, sai na ga idanun yaran duka sun koma bayanmu. Babu wanda ya ce uffan. Na ji kamar ana tauna wani abu kusa da kunnena, na ɗauka diraktan ne ke cin goro. Can sai ga kan jaki ya ɓullo ta cikin zana, tsakanina da shi, da kara a baki. Ashe tun ɗazu yake cin bangon ajin, ya cinye wajen kamu biyu, yara arba'in da wani abu suna kallo. Babu wanda ya san yadda ake cewa jaki na cin aji da Faransanci, babu kuma mai son gwangwani. Na yi dariya a lokacin. Ban ga komai a ciki ba sai jaki.

A bakin makarantar na tsaya shan fura wurin wata mata. Tana damawa tana cewa, "Mushe Ilya kake nema? Allah sarki. Tun da ya tashi, ɗiyana kullum da safe ciwon ciki, ran da babu lakol su warke sarai. Da kuwa tun ban gama wanke ƙwarya ba sun gudu." Ta ce tun tafiyarsa cin jarrabawa ya ja baya a garin, kuma yanzu yana wani ƙauye bayan Gidan Sori. Na ce a raina, to ai dole, tun da ya tafi da ƙashin. Furarta dai ta yi daɗi, ta sha nono, ba irin tamu da ake nuna wa nono daga nesa ba.

Daga Cadawa na shiga Maraɗi, na wuce Tibiri, na sauka Gidan Sori rana ta karkata. Daga nan babu mota sai amalanke. Na samu ta wani Bafillace mai suna Buba, ya ɗoro harawa zai koma ruga, ya ce in hau sama. Da ya ji wurin wanda za ni sai ya saki fuska. Ya ce, "Mushe ɗin nan, ya san sunan yaro, ya san sunan baban yaro, ya san sunan nagge na baban yaro. Yarinya na, in na ce yau kiwo, sai ya yi kuka, wai Mushe zai tambaya ina shi." Nagge dai saniya ce a bakinsu. Ina cikin tunanin ko ni sunan yara nawa na sani, sai taya ɗaya ta nutse a rairayi, amalanken ta karkata, na gangaro ƙasa harawa ta biyo ni. Buba ya fara duba san da ke jan amalanken, ya tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan ya zo ya tono ni.

Mai garin ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka. A nan na ji Gobiranci tsantsa, munka zo, sunka tahi, har sai na kasa kunne sosai kafin in kama zance. Da na ce wurin Mushe Ilya na zo, mai garin ya ce, "Mai ƙashi? Kai dai ka je da sahe, shina bakin lakol tun rana ba ta hito ba."

Haka kuwa aka yi. Makarantar ba ta da katanga, itace biyu aka kafa a matsayin ƙofa, amma duk yaran ta nan suke bi. A tsakanin itatuwan ga wani ɗan siririn mutum, riga 'yar shara, takalmin roba, ba wani kwarjini. A ƙirjinsa ga muƙamuƙin jaki rataye da igiya, ya yi santsi saboda daɗewa, haƙora uku sun rage a jiki. Murna ta kama ni. Kowane yaro ya zo sai ya kira sunansa ya ce masa wani abu. "Sa'a, ya jikin kaka? Idi, jiya rabawa ta ba ka wuya, ka same ni in an fita shan iska. Habsu, an ga ɗan maraƙin?" Ni dai idona na kan ƙashin.

Da yara suka yi layi na ja shi gefe, na zayyana masa komai, har da wuƙar Malam Garba. Na ce, "Mushe," karo na farko ke nan da kalmar ta fito daga bakina da ladabi, "don girman Allah ka taimaka mini da laƙanin nan."

Ya dube ni, ya dubi ƙashin, na ga gefen bakinsa na rawa. Ya ce, "Malam Lawal, laƙanin ga ba a ba da shi haka nan. Sai ka wuni da shi a wuya."

Na sunkuyar da kai da sauri, har da bisimilla. Ya cire ya rataya mini a gaban makaranta duka. Sai wuri ya kaure da sowa. Yara na tsalle suna tafi suna cewa, "Baƙo ya ɗauki sambol! Baƙo ya ɗauki sambol!"

Sambol. Kalmar ta dake ni kamar an watsa mini ruwan randa. Na tuna yaron Cadawa da gwangwaninsa. Wato na ƙetare iyaka, na sha cizon ƙwarin wake, na share titi, na faɗo daga amalanke, duk don in roƙi a rataya mini abin da ake rataya wa yaron da ya yi laifi. Ga ni tsaye, hedimasta guda, da haƙoran jaki a kan aikin babbar riga. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na kai hannu zan fizge, Mushe Ilya ya riƙe ni ya ce in yi haƙuri zuwa lokacin shan iska. Da lokacin ya yi muka zauna gindin wata bishiyar bedi, ya ba ni labari.

Ya ce, "Ni ma na ɗauke shi ina yaro. Wata rana fitsari ya matse ni cikin aji, ban san yadda ake neman izini da Faransanci ba. Na zaɓi in jiƙa wando da in buɗe baki. Aji duka sunka gani. Har yau in na tuna sai in ji kunya." Ya ci gaba da cewa, "Da anka ba ni lakol na farko, na iske wanga ƙashi wuyan wata yarinya. Na tambayi aji biyu da biyu nawa, shiru. Ba don ba su sani ba. Kowa na tsaron bakinai, kowa na tsaron na kusa da shi. To dokar sambol ita ce guda ɗaya ne, kuma wanda ke ɗauke da shi kaɗai ka iya miƙa shi ga wani. Sai na tsaya gaban aji na ce da ƙarfi, ina kwananku. Yarinyar ta dube ni. Na ce mi kike jira, ba ki ji na yi Hausa ba? Ta taso ta rataya mani. Tun ran nan ban sake jin wani ya yi Hausa ba. Kunnena ba shi da kyau."

Na ce, "To Faransancin fa? Ai da shi ake jarrabawar."

Ya ce, "Suna yi, har sun fi da. Wanda bai tsoron kuskure shi ka buɗe baki. In sun maƙale su tambaya da Hausa, in maida masu da Faransanci. Kada ka ɗauka duka yaran ka cin jarrabawa, Malam Lawal. Littattafai ba su isa, in damina ta kama rumfar ga yoyo take. Abin da na samu guda ne. In ba su gane ba, ran nan nike sani, ba sai jarrabawa ta hwaɗa mani ba."

Gaskiya ban gamsu ba, ina ganin dai akwai abin da yake ɓoyewa. Sai ya ce tun da lissafi ɗaya ne a Katsina da Gobir, in taimaka in koya wa manyan aji rabawa. Nan fa na ji daɗi, an zo fagena. Na karɓi alli, na tsaya gaban allo yadda na saba, na ɗaga hannu, riga ta baje. Na rubuta, na yi bayani, na goge, na sake rubutawa. Ina kan misali na uku sai na ji wata murya daga baya.

"Mushe baƙo!"

Na waiwaya. Habsu ce, 'yar Buba, hannu a sama, ko gezau.

Ta ce, "Rigarka ta ruhe rabin allo. Kuma kana sharewa tun ba ka gusa ba. Mu dai amsa muka gani, ba mu ga inda ta hito ba."

Aji ya fashe da dariya. Na dubi hannun rigata, ga shi ya sauko tun daga kafaɗa har gwiwa kamar labule. Ni ma na yi dariya, har da riƙe ciki, haƙoran jaki na kaɗawa a ƙirjina. Sai na daina dariyar. Shekara goma sha ɗaya haka nake tsayawa. Wannan rigar ce ko 'yar uwarta, wannan hannun ne, wannan gogewar ce. Na tuna jakin Cadawa da yaran da ke kallonsa.

Da aka tashi na cire ƙashin na miƙa masa. Duk da haka sai da na gwada sa'ata na ce ko zai bar mini haƙori ɗaya. Ya mayar da abinsa wuya ya ce, "Wanga nawa ne. Kai ma kana da naka gida, ka kuwa san inda ka aje shi."

Dawowa ba ta da labari, sai dai a iyaka jandarman nan ya gane ni ya ce, "Mushe, an dawo lahiya?" na amsa masa da fara'a. Ranar da aka koma makaranta na ɗauko Gwaggo, na haɗa bakinta da gindinta na ɗaure, na rataya a wuya. Na karɓe littattafan monitoci. Na sa 'yar shara na tsaya bakin ƙofa, inda na gano cewa cikin yaran da nake duka shekara da shekaru, waɗanda na san sunansu ba su cika hannu biyu ba. Wannan dorinar ita ce mutane suka gani suka ce laya ce na samo a Gobir.

Na san abin da kuke jira, don haka ga shi. An yi jarrabawa, wasu sun ci, da yawa ba su ci ba, amma an ci. Malam Garba bai rubuta takardarsa ba. Har ya same ni a keɓe yana tambaya ko zan bari ɗansa ya shafa dorinar kafin tasa jarrabawar. Na ce ya turo shi, amma sai ya zo da tambaya uku a kan abin da bai gane ba, in ba haka ba laƙanin ba ya ci.

Abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba shi ne abin da ya faru a makon farko. Kwana huɗu ina rataye da dorina, ina murmushi har kumatuna suka yi ciwo, aji shida ko tari babu mai yi. Sun ɗauka wani sabon tarko ne. A rana ta biyar na ajiye alli na ce, "Tambaya zan yi muku, kuma da Hausa nake son amsa. Da can, in ina rubutu da babbar riga, kuna ganin allo?"

Shiru. Na jira har na fara jin kukan kurciya a waje. Can wata yarinya a layin baya, wadda a makon ne na san sunanta Rabi, ta ɗaga hannu rabi, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko da zafi.

Ta ce, "Malam, tun muna aji huɗu rabin lissafi muke kwafa. Sauran rabin da ka muke cikawa."

Na ce, "Shekara uku, Rabi? Me ya hana ku gaya mini?"

Ta ɗago ido ta dubi abin da ke rataye a wuyana, sannan ta mayar da kanta ƙasa.

Na juya na fuskanci allo na daɗe ina gogewa, alhali babu komai a rubuce.